Sari da Awo: Auna Ragin Farashi a Kasuwar Hatsi

A kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum, mai sayen gero buhu-buhu yakan sami tiya da araha fiye da magidancin da ke awo kullum. Masana tattalin arziki kan auna wannan rata da ƙididdiga. Sukan tattara ciniki masu yawa, su fitar da kuɗin tiya a kowane ɗaya, sa'an nan su duba yadda yake sauka in yawan saye ya ƙaru. Amma wajibi ne a ware tasirin lokaci, wato kaka ko bazara, da kyawun ƙwaya, da gyara, da sabo. In ba haka ba, sai a jingina wa yawa ragin da sanayya ta jawo. Abin da ya saura bayan tacewar, shi ne ƙarin da rashin jari ke ɗora wa talaka.