Karta A Magama: Wa Ya Iya Ajiye Kati?

A Magamar Jibia, inda direbobi ke jiran kwastam kafin su wuce Maraɗi, wasu da karta suke kashe lokaci. Idan aka rage ku biyu, zaɓi uku ne: ka ƙara kuɗi, ka biya abin da abokin wasa ya zuba, ko ka ajiye kati.

Ga lissafin: akwai naira 2,000 a tsakiya, ya ƙara 1,000. Kai za ka biya 1,000 don ka kwashe 3,000. In ba ka cin wasa ɗaya cikin huɗu, asara kake.

Amma zuciya sai ta ce, "Ai na riga na zuba!" Abokina, kuɗin da ya shiga tsakiya ya daina zama naka. Haka kuɗin man mota ke tafiya a caca.