Kwana 21 da Taku 10,000: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Da yawa daga cikin masu cewa "sai gobe" a kan motsa jiki ba ragwanci ne ya kayar da su ba. Wasu alƙaluma da ke yawo a bakin mutane ne suka karya musu gwiwa tun kafin su ɗaura takalmi.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne cewa kwana 21 sun isa abu ya zama jiki. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma asalinsa ba shi da alaƙa da motsa jiki. Wani likitan tiyatar gyaran jiki a Amurka, Maxwell Maltz, shi ne ya rubuta a littafinsa Psycho-Cybernetics na 1960 cewa waɗanda ya yi wa aiki kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Masu yaɗa zancen suka mayar da shi ƙa'idar komai. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan suka bi diddigin mutum 96 na tsawon mako 12, a binciken da ya fito a 2009, sai suka ga tsaka-tsakin lokacin ya kai kwana 66. Wani ya saba cikin kwana 18, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254, kuma motsa jiki ya fi sabon shan ruwa jan lokaci. Saboda haka wanda ya cika mako uku yana jin nauyin fita, babu abin da ya same shi. Abin da ya fi kwantar da hankali a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe sabon da ake ginawa ba.

Taku 10,000 kuwa daga kasuwa ya fito. A 1965 kamfanin Yamasa na Japan ya fitar da na'urar ƙirga taku mai ɗauke da wannan adadi a sunanta, adadin ya zauna a kan mutane. Ba laifi ba ne mutum ya kai shi, amma amfani na farawa tun can baya. A 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta fitar da nazari kan mata fiye da 16,000 masu kimanin shekara 72. Masu taku 4,400 a rana sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa a tsawon lokacin nazarin, kuma amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har wajen taku 7,500.

To, nawa ake buƙata? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiya da sauri, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. A 2020 ta janye sharaɗin cewa sai an jera minti goma kafin ya shiga lissafi. Hawan keke zuwa kasuwa, noma, daka, ɗibar ruwa, duk suna ciki. Masu cewa dole sai an biya kuɗin gidan motsa jiki sun cuci talaka.

Akwai kuma masu naɗe ciki da leda ko su jibga kaya masu kauri don gumi ya "narkar da kitse". Gumi hanya ce ta sanyaya jiki. Nauyin da ya ragu ruwa ne, kuma yana dawowa da an sha. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Damagaram, wannan dabara na iya kai mutum asibiti.

Abin da ya tabbata yana maganin jinkiri shi ne yanke lokaci da wuri. A wani gwaji na 2002 a Ingila kan ɗalibai 248, kashi 91 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta rana, sa'a da wurin da za su motsa jiki sun cika alkawari, yayin da a sauran rukunonin ba a kai kashi 40 ba, har da waɗanda aka ba su karanta amfanin motsa jiki. Jan hankali kaɗai bai isa ba ke nan. Wanda ya ce "bayan sallar Asuba zan zaga unguwa na minti ashirin" ya jingina niyyarsa da lokacin da ba ya tsallake shi, ba sai ya zauna jiran ranar da zai ji marmari ba.

Ciwon tsoka bayan an fara gaskiya ne. Yakan tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya lafa, kuma yana raguwa idan aka fara a hankali. Ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi daban ne: a tsaya nan take a nemi likita. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa kafin ya shiga motsi mai tsanani.