Tsara Manhaja da Auna Nagartarta: Misalin Horar da Malamai a Nijeriya

BABI NA BIYU

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana dalilin wannan bincike da muhallinsa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin fito da ma'anar manhaja, da hanyoyin da masana suka shata na tsara ta da auna nagartarta. Daga nan sai a ɗora waɗannan ra'ayoyi a kan manhajar horar da malamai a Nijeriya, domin a ga inda aka dace da inda aka yi tuntuɓe.

2.1 Ma'anar Manhaja

Mutane da yawa sukan ɗauka manhaja ita ce jerin darussan da aka rubuta wa malami ya koyar a zangon karatu. Wannan jadawali ne kawai, kuma ɓangare ne na manhaja. A wurin masana ilimi, manhaja ta ƙunshi dukkan abin da makaranta ta shirya domin ɗalibi ya koya, wato manufa da darussa da dabarun koyarwa da kayan aiki da kuma hanyar jarrabawa. Idan manhajar ta koyar da sana'a ce, kamar malanta ko aikin jinya, to akwai ƙarin sharaɗi: dole wanda ya kammala ya iya aikin da hannunsa, domin sanin abu a ka daban yake da iya aiwatar da shi.

2.2 Hanyoyin Tsara Manhaja

Tyler (1949), wani masani ɗan Amurka, ya gina ra'ayinsa a kan tambayoyi huɗu da ya ce wajibi ne mai tsara manhaja ya amsa. Ta farko ta shafi manufofin da makaranta take son cimmawa. Ta biyu, ayyukan koyo da za su kai ga waɗannan manufofi. Ta uku, yadda za a jeranta ayyukan. Ta huɗu kuma, yadda za a gane ko an cimma manufofin. Amfanin wannan hanya shi ne ta tilasta a faɗi manufa ƙarara tun farko, ta yadda za a iya auna ta daga baya. An soke ta da cewa ta miƙe tamkar layi, alhali aikin aji yakan sa a koma baya a gyara manufar kanta.

Taba (1962) ta faɗaɗa wannan hanya zuwa matakai bakwai, kuma ta sa binciken buƙatun ɗalibai ya zama mataki na farko. Haka kuma tana ganin malaman da ke cikin aji su ya kamata su fara tsara darussa su gwada, kafin hukuma ta tattara su zama manhaja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

2.3 Auna Nagartar Manhaja

Scriven (1967) ya raba awon manhaja gida biyu. Akwai awon da ake yi ana cikin aiki domin a gyara kurakurai tun da sauran dama, akwai kuma wanda ake yi a ƙarshe domin a yanke hukuncin ci gaba da manhajar ko sauya ta. Stufflebeam kuwa ya kawo wata ƙira mai rukunai huɗu: a auna yanayin da manhajar za ta yi aiki a ciki, a auna tanadin da aka yi mata na kuɗi da malamai da kayan aiki, a auna yadda ake gudanar da ita, sannan a auna sakamako. Hikimar wannan ƙira ita ce idan ɗalibai suka gaza, tana nuna ko laifin na manhajar ne ko na rashin tanadi.

Ta fuskar koyar da sana'a, Kirkpatrick (1959) ya shata matakai huɗu: yadda masu koyo suka karɓi horon, abin da suka koya, canjin da aka gani a aikinsu, da amfanin da wurin aikin ya samu. Matakai biyun farko suna da sauƙin aunawa ta hanyar takardar tambayoyi da jarrabawa. Biyun ƙarshe kuwa sai an bi mutum har wurin aikinsa, shi ya sa ba a cika yin su ba.

Kyakkyawan misalin irin wannan bincike a Nijeriya shi ne shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970. An koyar da wani rukunin yara dukkan darussa da Yarbanci, Ingilishi kuma ya zama darasi guda. Wani rukunin kuma aka koma koyar da su da Ingilishi bayan aji uku. Da aka kwatanta, yaran rukunin farko sun yi fice a yawancin darussa, kuma ba a bar su a baya ba a Ingilishi. Ƙarfin wannan bincike shi ne an sami abin kwatance, kuma an bi yaran shekara da shekaru.

2.4 Manhajar Horar da Malamai a Nijeriya

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 shi ya share fagen kafa manyan kwalejojin horar da malamai, kamar ta Zariya a 1962, waɗanda suke ba da takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. A 1969 aka yi babban taron ƙasa a kan manhaja a Legas, inda aka soki ilimin da aka gada daga Turawa da cewa bai dace da buƙatun ƙasa ba. Shawarwarin taron su suka haifar da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta nuna cewa NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa.

Abubuwa biyu da suka faru a wannan zamani sun tabbatar da maganar masanan da aka ambata. Na farko, da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976, yaran da suka shiga aji ɗaya sun zarce hasashen hukuma ƙwarai, har aka koma horar da malamai cikin gaggawa. Wannan rauni ne a binciken buƙatu, wanda Taba ta sa a gaba. Na biyu, da aka shiga tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injina daga ƙasashen waje. A makarantu da dama injinan sun daɗe cikin akwatunansu saboda babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. A ma'aunin Stufflebeam, manufar ba ta da aibu, tanadin ne ya gaza.

A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa da dokar soja mai lamba 3. Aka ɗora mata shata mafi ƙarancin ma'aunin kowane kwas na NCE da kuma tantance kwalejoji. Manhajar ta ƙunshi darussan ilimin koyarwa, da fannin da ɗalibi ya zaɓa, da darussan gama-gari, da kuma koyarwar gwaji a makarantu. Sai dai tantancewa takan fi ba da ƙarfi a kan yawan malamai da littattafai da ɗakunan karatu, wato tanadi. Abin da wanda aka yaye yake yi a aji kuwa ba ya shiga lissafi sosai. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta kuma sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka yi jarrabawar. Ko da an karɓi sakamakon, jarrabawar takarda tana auna abin da malami ya sani ne kawai, ba ta nuna yadda yake koyarwa, ba ta kuma nuna wane sashe na horon da ya samu ne ya gaza.

2.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsara manhaja yana farawa da sanin buƙatu da fayyace manufa, awonta kuma ba ya cika sai an duba yanayi da tanadi da gudanarwa da sakamako. An kuma ga cewa a horar da malamai a Nijeriya, giɓin da ya fi girma shi ne rashin bin waɗanda aka yaye zuwa cikin aji. Wannan giɓi ne binciken zai duba ta fuskar malaman Hausa. Babi na uku zai bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai.