Wasiƙun marubuta da masu maɗaba'a: ina namu suke a Nijar?

Duk littafin da muka ɗauka muna karantawa, akwai wani tarihi a bayansa wanda ba a cika bugawa ba, wato wasiƙun da suka yi ta kai da komo tsakanin marubucin da mai maɗaba'a. A ciki ne ake cinikin kuɗi, a ciki ne ake gardama kan sunan littafi da abin da za a yanke.

Mu leƙa maƙwabta. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Wasiƙar da East ya aika wa Imam game da littafinsa ba ta ɓata ba, kuma daga gare ta manazarta suka gane cewa Baturen ya tsame wasu labarai da ya ga an aro su daga wasu littattafai. Da gara ta cinye wannan takarda, da sai mu ɗauka yadda muke karanta littafin, haka ya fito daga alƙalamin Imam.

A Ingila, Jami'ar Reading na riƙe da takardun maɗaba'ar Heinemann, har da wasiƙun Chinua Achebe. A Faransa kuma an kafa cibiyar IMEC a 1988 domin adana takardun maɗaba'u da na marubuta.

To mu fa a Nijar? Manyan marubutanmu a Paris suka buga yawancin ayyukansu. Présence Africaine ce ta fitar da Kotia-Nima na Boubou Hama, wanda ya rasu a 1982, L'Harmattan kuma ta fitar da Sarraounia na Abdoulaye Mamani a 1980, kafin ya rasu a haɗarin mota a 1993. Allah ya jiƙansu. Wasiƙar da marubuci ya aika can take zama, amsar ce ke dawowa gida, galibi kuma a adakar iyali take ƙarewa, tsakanin gara da yoyon damina.

Asarar ba ta manazarta ba ce kaɗai. Takardar yarjejeniya ita ke nuna wa magada wanda ke da ikon sake buga littafi ko fassara shi, da kason da ya kamata a biya su. In babu ita, da wace hujja za su nemi haƙƙinsu?

Wuraren ajiya kuwa muna da su a nan Yamai. Akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake kula da rubuce-rubucen Larabci da Ajami waɗanda Boubou Hama da kansa ya fara tarawa.

Muna kira ga iyalai da su kai takardun, ko a ɗauki hotonsu a mayar masu da abinsu. Matasan marubuta kuma da ke ciniki ta WhatsApp, su riƙa fitar da saƙonnin a takarda suna ajiyewa, domin ranar da salula ta faɗa ruwa, shaidar ta tafi ke nan.