Yadda Jirgin Filafilai Ke Tafiya Gaba da Iska

Abokan da suka haɗa kuɗi suka sayi ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, wato ƙyallayen da iska ke turawa, sukan gane tun Asabar ta farko cewa fita ba wuya, komowa ce aiki. Da sun juyo gida sai iska ta fuskance su, ƙyalle ya yi ta kaɗawa, jirgi ya tsaya cik, ga rana tana faɗuwa.

Babu jirgin filafilai da ke kutsawa cikin iska kai tsaye. Akan karkata shi kimanin digiri 45 daga inda take busowa, a yi dama, a yi hagu. Ƙyallen yakan lanƙwashe kamar fiffiken jirgin sama. Iskar da ke bin bayansa ta fi sauri, matsinta kuwa ya ragu, dangantakar da Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738. Wannan ƙarfi gefe yake jan jirgi, amma faffaɗan allon da ke ƙarƙashinsa cikin ruwa ya hana shi zamewa, sai ya sulale gaba tamkar ƙwallon mangwaro da aka matse tsakanin yatsu.

Ta haka tafiyar kilomita 5 takan koma kimanin 7, lissafin da sababbin masu jirgi suka cika mantawa da shi.