Katantanwa da Danginta: Abin da Ya Kamata Mazauna Bakin Ruwan Bakolori Su Sani

'Yan'uwa, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya zauna rani da damina a ƙasashen Maradun, Talata Mafara da Bakura. Mun samu noman rani, shinkafa da kifi. Amma inda ruwa ya kwanta, katantanwa ma tana samun gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu san ta da kyau.

Yadda jikinta yake

Katantanwa tana cikin babban dangin halittu masu taushin jiki, marasa ƙashi. Masana sun san iri kusan 85,000 a duniya. Jikinta yana da kai, da ƙafa guda mai faɗi wadda take jan ciki da ita, da kayan ciki a cikin koɗi. Wata fata ce mai laushi take gina koɗin a hankali daga sinadari irin na alli. A bakinta akwai harshe mai ƙananan haƙora kamar magagari, da shi take kankare gansakuka da ruɓaɓɓen ganye.

Manyan rukunai uku

Na farko, masu koɗi guda a murɗe: dodon koɗi na tudu, katantanwar ruwa, da wuri. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi koɗin wata katantanwar teku ce, an fi kawo shi daga tsibiran Maldibis. Daga nan kalmar kuɗi ta fito, domin ita ce jam'in wuri.

Na biyu, masu koɗi biyu da ke buɗewa su rufe, kamar waɗanda masunta ke tsinta a laka. Ba su da kai, tace ruwa suke yi su sami abinci.

Na uku a teku kaɗai suke, kamar oktofas mai hannuwa takwas, wanda ya fi sauran wayo.

Waɗanda suka shafe mu

Ƙananan katantanwa iri biyu ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Ɗaya masana suna kiranta Bulinus, ba ta wuce ƙwayar wake da yawa ba, ita ke kawo fitsarin jini. Ɗayar ita ce Biomphalaria, koɗinta a kwance yake kamar naɗin gammo, ita ke kawo tsargiyar hanji. Suna son ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyawa, irin na ƙananan magudanan gonaki da kududdufai. Kowace guda tana da halittar namiji da ta mace, don haka suna yaɗuwa da sauri. Idan ruwa ya ƙafe, wasu sukan shige laka su jira damina. Wata ta uku kuma ita ke kawo tsutsar hanta ga shanu da tumaki. Babban dodon koɗi na tudu da ake ci a kudu ba ya ɗauke da tsargiya.

Yadda cutar ke zagayawa

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1915 Robert Leiper ya bayyana yadda take bi ta cikin katantanwa a Masar. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga katantanwa. Bayan mako huɗu zuwa shida sai dubbai su fito, an fi samunsu da tsakar rana, lokacin da yara ke iyo. Ta fata suke shiga, ko da babu rauni. Ke nan galibi daga wurin mutum katantanwa take samun cutar.

Kada mu yarda da zancen cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Cuta ce. Tana rage jini, tana hana girma da karatu, in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata tana iya kawo ciwon mara da wahalar samun ciki.

Abin da za mu yi

1. Kowane gida ya gina masai, a hana yara fitsari a ruwa.
2. Duk wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti. Maganin shi ne praziquantel. Idan an zo rabon sa a makaranta, a bar yara su sha bayan sun ci abinci.
3. Ruwan wanka da aka ɗebo daga magudana a ajiye shi kwana biyu, tsutsar za ta mutu. Na sha kuwa a tafasa.
4. A yi gayya a cire ciyawa da laka daga magudanai, a sa takalmin roba dogo.
5. A yi wanki da wankan yara da ruwan rijiya ko na burtsatse.

Magani yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sake kamuwa. Don haka muna roƙon dattawa, zumuntar mata da matasa su tattauna wannan a taronsu na gaba, kowane ƙauye ya sa ranar gayyarsa kafin a fara dashen shinkafa.