Asali da Kufu a Wajen Neman Aure

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun sha ganin attajiri da mahauci suna ciniki cikin amana, suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Amma ran da ɗan mahaucin ya aiko neman 'yar attajirin, sai a tuna da asali. Sau da yawa uban yakan sassauta, domin ya san halin yaron a kasuwa. Daga cikin gida ƙin yake fitowa, wurin iyaye mata da gwaggwanni, waɗanda su ne za su sha gori a gidan biki. Ba mu ɗora musu laifin su kaɗai ba, gama maza ne suka kafa ma'aunin tun farko.

Kowace kabila kuwa da nata mudun. Bahaushe yana duban sarauta da sana'ar gado, Bafillace yana ƙidayar kakanni, Abzinawa kuma sun ware maƙeransu, ba a cika auratayya da su ba.

To, a mazhabarmu ta Imamu Malik, kufu shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke halatta raba aure. Haka Shaihu Halilu ya tabbatar a Muhtasar. Hanafiyya da Shafi'iyya ne suka sa nasaba da sana'a cikin lissafi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Ya kuma aurar da 'yar gwaggonsa Zainabu ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa. Ita da ɗan'uwanta Abdullahi sun fara ƙi, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce a kansu aya ta 36 ta Suratul Ahzab ta sauka.